Idon Daman Kawu Mai Agogo

Shekara talatin da huɗu Kawuna ya yi yana gyaran agogo a kan ɗan teburinsa na bakin kasuwa, kuma da ido ɗaya ya yi su. Ya maƙala gilashin ƙara girma a na dama, ya runtse na hagu, shi ke nan sai yamma. Shi ya sa bai san na hagun yana tafiya ba, sai ranar da babur ya goge shi ta wannan ɓangaren.

"Wallahi kamar daga ƙasa ya tsiro," ya ce da ni.

Washegari na kai shi asibitin ido, mu ne na goma sha bakwai a layi. Likitar ta ce hawan jinin ido ne: ruwan ciki ba ya samun mafita, yana danne jijiya ba tare da zafi ba. Na hagu ya yi nisa, na dama ya fara. Ta ba shi maganin ɗigawa kwalba uku, ɗigo biyar a rana. Na ƙirga, a mako guda ya manta tara.

Da muka koma ta ce akwai ƙaramin aiki, minti ashirin, a sa ɗan bututu da bai kai gashin ido ba, ya buɗe wa ruwan hanya.

"To 'yata, a yi wa na hagun," in ji Kawu.

"Baba, shi ya wuce wannan, babban aiki yake so. Na dama zai yi wa amfani, tun da sauran ƙarfinsa."

"Idon da nake cin abinci da shi za ki taɓa? Lalatacce ake gyarawa, yarinya."

"Agogon da ya fara lattin minti biyu, jira kake sai ya tsaya?"

Kawu ya kece da dariya. "Ke, wa ya koya miki sana'ata?"

Ya yarda. Yau wata takwas ke nan. Awon matsin ruwan idon dama ya sauko daga ashirin da bakwai zuwa sha biyar, kwalba ɗaya kawai yake ɗigawa yanzu. Na hagu ya sha babban aikinsa daga baya. Abin da ya tafi bai dawo ba, amma sauran ya tsaya, mun gode Allah.

Ya koma teburinsa. Ba ya ambaton likitar sai ya haɗa da "Allah ya yi mata albarka, da ta ƙi biye mini." Duk abokin sana'ar da ya zo aron kayan aiki, sai Kawu ya sa shi ya rufe ido ɗaya ya dubi titi, sannan ɗayan. Mutum huɗu ya tura asibiti, biyu sun dawo da kwalba.