Fenti a Ɗakin Turare

Shekaranjiya na ratsa wani lungu a Fagge inda ake fesa wa adaidaita sahu ruwan ɗorawa. Warin fentin na dukan hancina sai na ga na sunkuyar da kai ina sauri, tsoho da furfura, alhali ba wanda ya ce mini kanzil. Zauna in gaya maka dalili, in ka ga dama ka yi mini dariya, na cancanta.

Ni dai boko ban yi nisa ba, malamai sun huta ni ma na huta. Abin da kaina ya ɗauka shi ne ƙera mota. In samu gwangwanin madara in farke shi da tsohuwar wuƙa, in daddake da dutse, in yanko taya daga mataccen silifa, in ɗaura doguwar waya ta zama sitiyari. Duk yaran unguwa suna yi. Amma ni, da yake iyayi ya yi mini yawa, na rantse tawa sai ta sha fenti kamar manyan motocin da ke sauke dilolin atamfa a Kantin Kwari.

Fentin bai ba ni wuya ba. Akwai wani mai rubuta allunan shaguna a Sabon Gari, Ibo ne, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka yanke masa cibiya. In na wanke masa burushi da kananzir, sai ya tsiyaya mini ragowar kore da ja a 'yan gwangwanaye. Lokaci da wajen shafawa su ne matsala. Da safe ina makarantar allo, da hantsi ina kasuwa ina riƙe wa Baba bakin yadi in ana awo, abin da ya rage mini sai ɗan tsakanin azahar da la'asar. Ga shi damina ta kankama. Na shafa a tsakar gida, ruwa ya wanke. Na kai zaure, Baba ya ce baƙinsa ba a gareji suke ba. Na ɓoye a bayan murhu, kaza ta bi ta kai ta bar mini sawunta. Inna kuwa ko ƙofar ɗakinta ba ta bari na tunkara ba.

Saura ɗaki guda, na Kaka, mahaifiyar Baba, can ƙuryar gida.

Iyayenta daga Barno suka zo, kuma da sana'ar turaren wuta suka zo. Duk amaryar da ake ji da ita a Fagge, turaren Kaka ake kai mata. Mata suna cewa kafin baƙuwa ta gama sallama Kaka ta faɗi turaren da ke jikinta. Wanda ya yanka albasa ba ya shiga ɗakin nan. Tun da mijinta ya rasu ba ta taɓa miƙa wa ɗanta hannu ba, hancin nan ne cinta da suturarta, shi ne kuma ya sa manyan hajiyoyi ke cire takalmi tun daga nesa.

Ita da kanta ta kira ni, ranar da ta gan ni rakuɓe a gindin bango na rufe mota da rigata. Angonta take ce mini, irin wasan kaka da jika. Ta nuna mini bayan ƙofa, ta lulluɓe farantan turaren da ta shanya da zani, ta tambaye ni ko fentin nan yana da ƙarfin wari. Na ce ɗan kaɗan ne, alhali har idona yake sa wa ruwa. Sai kuma abin ya ɗaure mini kai, na ce ita ba ta ji ba ne? Ta yi 'yar dariya ta ce hancin ya riga ta tsufa, tun bara ya daina aiki, hannunta ne kawai ya haddace awon komai.

"Wannan maganar miji da mata ce, angona," in ji ta. "Ba ta fita ɗakin nan."

Haka na samu gareji. Kullum in an yi azahar sai in shige in turo ƙofa, ruwa na dukan kwano, ita tana jan carbi ni ina jan burushi. Inna ta sha jin warin fentin in ta zo wucewa, amma wace suruka ce za ta ɗaga labulen uwar mijinta ta tambaye ta me take yi? Itacen turare kuwa, wanda aka dafa da sukari aka shanya, duk abin da ke cikin iska sha yake yi, zani bai hana shi ba.

Ranar da dangin wata amarya suka zo karɓar nasu, an shimfiɗa tabarma a rumfa, Kaka ta sa garwashi a kasko ta barbaɗa turaren don a ɗanɗana. Hayaƙi ya tashi. Ko ni da ke laɓe a bayan ƙofa na ji warin shagon mai allunan nan sak. Matan suka fara kallon juna. Kaka kuwa ta lumshe ido tana gyaɗa kai, tana jawo hayaƙin da hannu zuwa fuskarta, tana gaya musu irin wannan haɗin ba kowa take yi wa ba. Har yau in na tuna wannan gyaɗa kan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Babbar cikinsu ta ce a hankali, Hajiya, anya ba a ajiye kananzir kusa da shi ba? Nan fa Inna ta manta da kunya, ta faɗa ɗakin ta fito da motata a hannu ɗaya, kunnena a ɗayan. Ka ga a nan magana ta ƙare ke nan. Yaro ya yi ɓarna, a zane shi, a sake wani haɗin, matan ma har sun fara dariya. Amma ni da na hango bulala sai bakina ya riga hankalina.

"Ai Kaka ba ta jin wari! Ita ta gaya mini, tun bara!"

Dariyar ta ɗauke. Inna ta saki kunnena. Kaka ta daɗe tana kallon kaskon, sannan ta kife shi a ƙasa ta ce gaskiya yaron ya faɗa.

Ba a dake ni ba, kuma da an dake ni da na fi samun sauƙi. Kafin damina ta ƙare labari ya gama Fagge, manyan bukukuwa suka koma wajen wasu. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Abin da ta yi kawai, ta ce tunda na tona asirin gidanmu, sai in zama hancinta. Lokacin nan nawa na bayan azahar ya koma na shinshina, ina ce mata wannan ya yi zaƙi, wancan ya ƙone. Yaran unguwa suka sa mini suna amarya saboda ƙamshi. Ƙananan masu saye sun dawo, hajiyoyin nan ba su dawo ba har ta rasu.

Yanzu turare a kwalba yake zuwa, ta waya ake saye, ba mai tambayar wa ya shinshina. Motocin yara na roba ne, da fentinsu suke isowa. Ni kuma ga lokaci har ya yi mini yawa, ga shago na kaina a ƙofar gida, ina 'yan ƙere-ƙerena jikoki na kallo. Sai dai ido ya fara ha'intata. Kwanan baya na shafa wa wata mota shuɗi, ina ta cika wa abokan hirata baki cewa irin wannan koren sai tsohon hannu. Jikana yana tsaye bai ce uffan ba. Sai da suka watse ya matso kusa da kunnena ya ce, Kaka, gobe ni zan riƙa miƙo maka gwangwanin. Na ce to. Ban iya ɗaga kai na dube shi ba.