Ƙugiyar da Ta Kusa Rufe Shagon Pak Warsidi

Shekara arba'in Pak Warsidi yana gyaran garmaho a kasuwar tsofaffin kaya ta birnin Solo, ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Hannu kam yana da shi, ko maƙiyinsa ya shaida, sai dai bakinsa ya fi hannun gudu. Shi da kansa ya rantse a teburin mai shayi cewa ranar da wani ƙarfe a jikin garmaho ya gagare shi, ranar zai rufe shago.

Ana nan aka kawo masa wani tsohon garmaho na zamanin Turawan Holan. Komai ya gane, ban da wata ƙugiyar tagulla a gefe, da ɗan kofi kamar murfin kwalba a ƙarƙashinta. Ya ce kofin na zuba allura ne, aka nuna masa na allura can daban. Ya rataya mariƙin wana garmahon a ƙugiyar, ya faɗo masa a yatsa. Ya jawo littattafan Holan, waɗanda ko baƙi ɗaya ba ya iya karantawa, ya yi ta gyaɗa wa hotuna kai.

'Yan shayi suka ba shi mako guda. Maƙwabcinsa Koh Bing, mai sayar da agogo, har ya fara auna faɗin shagon da taku.

Matarsa, Bu Tuminah, ta kawo masa shinkafa ta tarar ya rame.

"Pak, ka ce ba ka sani ba mana. Ba a mutuwa."

"Bu, bakina bai saba ba."

Rana ta bakwai tsoro ya kama shi sosai, don in ba shagon nan ba, ba shi da inda zai zauna a saurare shi. Ya fara haɗa kaya, ita tana taya shi. Ya sauko da kejin kurciyarsa, wadda yake kiwo saboda kukanta kamar sauran dattawan garin. Hannu cike, ba wurin ajiyewa, sai ya maƙala kejin a ƙugiyar nan. Keji ya zauna daram, ɗan kofin ya tsaya daidai ƙofarsa. Kurciya ta leƙo ta hau tsattsagar kofin tana neman gero.

Bu Tuminah ta wana garmahon ta ɗora faifai. Kiɗa na tashi, kurciya ta amsa.

"Kakana ma haka ya yi wa tasa," in ji ta. "Wai don ta koyi murya."

"Au, dama kin sani?"

"Tun ranar da aka kawo shi."

"Kika bar ni ina ramewa?"

"Shekara arba'in, Pak, ka taɓa tambayata wani abu ban da ina hularka?"

Kunya ta rufe shi. Ya mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, ya je ya gaya wa 'yan shayi amfanin ƙugiyar. Koh Bing ya tambaye shi yadda aka yi ya gano.

"Ni ban sani ba," ya ce. "Tuminah ce."