Rawar Hannun Maginin Rumbu

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku. Wanga ba tatsuniya ba ce. Cikin gidana anka yi shi, da idona na gani, kuma har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Ɗana na fari magini ne, maginin rumbu. Ba za ku ji sunansa a bakina ba, don a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta taɓa shi gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Amma ido ba ya jin wannan kunyar. Nakan tsaya bayan danga in kalle shi yana aiki. Sai ya kwaɓa laka da ciyawa, ya jera duwatsu, ya yi ta ɗora laka zobe bisa zobe. Bangon bai kai kaurin tafin hannu ba, amma ya ɗauki hatsin shekara, damina ta zo ta wuce bai tsage ba. Daga ƙauyenmu har Matankari, in ka ga rumbu mai ciki kamar tulu, hannunsa ne.

Ta wurin aikin nan giya ta same shi. Akwai gidajen da ake dafa burkutu, in magini ya sauko sai a miƙa masa ƙoƙo guda, wai na gajiya. Ƙoƙon ya yi ta girma. Daga baya ya koma ga wata giya ta cikin 'yar leda da ake kawowa daga tsallaken iyaka, mai kama da ruwa, mai ƙuna kamar wuta.

A hankali ta ci shi. Tuwo ya daina shiga. Farin idonsa ya koma rawaya, ƙafafunsa sunka kumbura har takalmi ya ƙi su. Da safe sai amai, hannun nan kuwa yana kaɗawa kamar ganyen gawo, ba ya tsayawa sai ya sha. Wani rumbu da ya gina ya zube da ruwan farko. Daga nan ba wanda ya sake aiko masa.

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, ranar da anka ga wata, ya ce wa matarsa ya bar giya. Surukata ta zo ɗakina da gudu, tana dariya tana hawaye.

"Inna, ya rantse! Ya ce ko ɗigo."

Munka yi ta godiya ga Allah. Ba mu san abin da ke tafe ba.

Azumi bai yi nisa ba jikinsa duka ya ɗauki rawa. Zufa kamar an kwara masa guga. Wata rana da hantsi ya fito tsakar gida yana kakkaɓe rigarsa, yana ihu.

"Gara! Ga ta nan tana fitowa daga bango! Ta cinye rumbu, ta hau ni! Ku kaɗe mini ita!"

Munka duba bango, munka duba jikinsa. Ko tururuwa babu. Sai ya faɗi, ya sandare, kumfa a baki.

Maƙwabta sunka cika gida, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ramin da yake ɗibar laka yana gindin wata tsohuwar tsamiya, kowa kuwa ya san tsamiyar nan da mai ita. Anka ce doguwa ce ta gaji da haƙar da yake mata. Ni ma haka na gani, don mu abin da munka tashi munka tarar ke nan: wanda ya ga abin da ba a gani, ya faɗi ya sandare, iska ce ta hau shi. Anka yi turare, bai yi ba. Sai munka shimfiɗa shi cikin amalanke, munka ɗaure baƙar akuya a baya, ni da surukata munka nufi gidan wata tsohuwa uwar bori, can wajen hanyar Lugu.

Mun same ta ƙarƙashin rumfa tana tsinkar zogale. Ta girme ni nesa. Ta taso da sanda, ta leƙa cikin amalanke, ta buɗe idonsa da yatsa, ta daɗe tana kallon hannun nan da ke rawa. Sannan ta dubi akuya.

"Wagga fa ta mi ce?"

"Ta mai tsamiya ce, Iya," in ji surukata. "A roƙa mana ita ta sake shi."

"Ke ɗiyata, wane wata muke ciki?"

"Azumi."

"To, kin ji goge ko ƙwarya a gidan nan? Mun kife su. In azumi ya kama, mutanenmu a ɗaure suke, ba mai hawa kan kowa sai an sha ruwan salla. Wa ya kwance taku ita kaɗai?"

Sai ta juyo gare ni.

"Ƙanwata, gaya mini gaskiya. Mi yake sha?"

Na sunkuyar da kai na ce giya, amma ya bari tun ganin wata.

"Rana ɗaya ya yanke ta?"

"Rana ɗaya."

Ta buga sanda a ƙasa. "Ita ce. Na ga irinsa, na ga wanda anka tsaya yi wa turare har ya tafi. Wanga ba namu ba ne. Ku kai shi gidan likita a Dogon Dutsi, yanzu, kar ku biya gida. Ku tafi da akuyarku, ta ma fi shi nama."

Ni dai na tsaya baki buɗe. Mace ta zauna da iskoki tun tana budurwa, an kawo mata akuya har ƙofa, ta ce ba nata ba ne.

A bakin hanya munka sami mota. A gidan likita majo, babban mai duba marasa lafiya, ya yi masa allura, anka ɗaura masa ƙarin ruwa. Ya ce jikin da ya daɗe da giya, in an yanke masa ita farat ɗaya, yakan yi bore har ya kashe mai shi. Barin ta daidai ne, amma sai da magani, a gaban likita. Ya ce hanta ta ji rauni ƙwarai. Ya ce a aje azumi, ya rama in ya warke.

Hannun yana ta fizga, yana neman tsige allurar. Surukata ta riƙe ɗaya, ɗayan ya rasa mai riƙewa.

"Inna tsohuwa," in ji majo, "ba ɗanki ba ne? Kama mana!"

Na kama. Rabona da hannun nan tun ranar da anka yaye shi. Ga kantar aiki a tafi, ga tsagar laka a yatsu, yana ɓari cikin nawa kamar tsuntsun da anka kama. Na riƙe, rana ta karkata, na riƙe. Kwanaki muna haka. Wata safiya na ji shiru cikin tafina. Na duba, hannun ya kwanta. Ya buɗe ido ya ce, "Inna, garar ta tafi." Ban amsa ba, amma ban saki ba.

Warkewa ba ta zo da gudu ba. Ya dawo gida kamar kara, kunu kaɗai yake iya sha. Ranar kasuwa sai ya kasa zama, ya yi ta kai da kawowa a tsakar gida. Sau ɗaya ƙafarsa ta kai shi can, ya dawo da warin giya. Washegari shi da kansa ya ce wa matarsa ta raka shi wurin majo. Daga nan ya sauya hanyar da yake bi, ya bar zama da abokan ƙoƙo.

Da rani ya kewayo, na ji ana kwaɓa laka a bayan ɗakina. Na leƙa ta danga. Ya jera duwatsu, ya ɗora zoben farko, ya shafe shi da tafin hannu, sumul. Allah mai iko! Hannun da na ga yana kaɗe garar da babu ita.

Uwar bori ta rasu damina biyu bayan haka. Na je gaisuwa da ƙafata. Majo an ɗauke shi zuwa wani gari, ban sake ganinsa ba. Surukata ta haifi ɗiya mace, ita ce ke kawo mini ruwa yanzu. Ɗana yana nan, ba ya cin mai da yawa, yana zuwa a duba masa hanta, kuma in mai gida ya miƙo ƙoƙo sai ya ce a ba shi fura. Akuyar ta hayayyafa, jikokinta ne ke kwana a inuwar rumbun da ke bayan ɗakina.