Kafinta Ya Je Zaɓen Makaranta

Mijin Yayata bai taɓa zama a kan kujera ba tare da ya girgiza ta ba. Ranar da ya fara zuwa gaishe da mahaifinmu ma sai da ya kama kujerar falo ya jijjiga, ya ce ƙafar baya ta kusa tafiya. Tun ranar muke kiransa Kafinta kawai, ko a gaban idonsa. Shekara ashirin yana yanka katako, fensir a bayan kunne, tef ɗin awo a aljihu, har wani kamfanin kujeru a ƙasar da nake aikin jinya ya ɗauke shi. Ya kwaso Yaya da yara biyu, suka sauka kusa da ni.

Babban yaron, Dogo, ko a kasuwa ka ajiye shi zai yi karatu. Damuwar duk a kan ƙanwarsa ce, Mitsila, shekararta bakwai amma ka rantse huɗu ce. A tsohuwar makarantarsu in ta zauna ƙafafunta lilo suke yi, yara suna dariya, har ta daina ɗaga hannu a aji. Da suka iso ta faɗa mana ƙarara: ita da makaranta har abada. Ga shi saura kwana uku a rufe rajista.

Ni ce tafinta, don haka na jera makarantu uku, muka fita mu biyar kamar masu rakiyar amarya, Yaya sai fesa turare take.

Ta farko gilashi ce tun daga ƙasa har sama. Yaya ta ga allon da ake taɓawa da yatsa, ta riƙe hannuna tana cewa, “Ke, nan ne, wallahi nan ne!” Shugaban makarantar yana cikin bayani sai muka nemi Kafinta muka rasa. Can na hango shi a bayan aji, ya kifa kujera yana leƙa cikinta.

“Roba ce da gam,” ya ce da ƙarfi. “Wata shida ta yi yawa.”

Shugaban ya tambaye ni me ya ce. Na ce yabawa yake yi. Allah ya yafe mini.

A ta biyu abin ya fi haka. Muna shiga, mai gadi ya ga fensir da tef, ya yi murna, ya ja Kafinta zuwa wata ƙofa da ke jan ƙasa. Ashe tun safe suke jiran mai gyara. Kafinta kuwa ko tambaya bai yi ba, ya tuɓe riga ya karɓi guduma. Awa ɗaya da rabi muna zaune a baranda, Dogo yana dariya har da riƙe ciki, Yaya kamar ta nutse. Ya gyara ƙofa uku, aka ba shi shayi, aka raka shi bakin titi ana godiya. Sai a cikin bas muka tuna ba mu yi maganar yara ba.

“Baban Dogo, kai fa ka zo da mu ƙasar nan don ka kashe ni da kunya,” in ji Yaya.

“To a bar ƙofa tana kuka?”

Ta uku tsohuwa ce, fentinta ya koɗe, harabarta ba ta fi tsakar gida ba. Yaya ta taɓe baki tun daga ƙofa. Wata malama mai furfura ta shigar da mu ajin ƙanana, Mitsila ta maƙale a bayan zanen uwarta. Kafinta, kamar kullum, ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur. Ya tsaya yana shafa wani abu a can.

“Tambaye ta,” ya ce daga ƙasa, “wa ya buga wannan?”

Na leƙa. Guntun katako ne aka kafa tsakanin ƙafafun tebur ɗaya, daidai inda ƙafar yaro za ta sauka. Malamar ta yi dariya ta ce ita ce. Bara tana da wani ɗan guntun yaro, ta lura ba ya iya rubutu sosai saboda ƙafarsa ba ta da wurin tsayawa, sai ta aro guduma.

Kafinta ya fito ya ɗauki Mitsila cak ya ɗora a kujerar. Ta yi lilo da ƙafa sau ɗaya, takalminta ya sauka a kan katakon. Ta danna. Ta sake dannawa.

“Baba, ta taɓa!”

Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba. Yaya ma turarenta da kwalliyarta duk suka bi hawaye. Kafinta ya juya mana baya yana goge ido da gefen hannu, ya sake duba katakon.

“Aikin banza ne, duk ƙusoshin sun karkace,” ya ce. “Rubuta sunansu.”

Ran Litinin shi ya raka su, da ƙusa huɗu a aljihu don ya gyara wa malama aikinta. Mitsila ta hana. Ta ce kada wanda ya taɓa mata teburinta.