Ranar da Na Mai da Sista Kan Benci

A Gashuwa na haifi ɗana na huɗu, kuma ba don Sista ba da yanzu mijina ya daɗe da auro wata. Sista nas ce, 'yar Filato, cocinmu ɗaya, ta haura arba'in ba ta yi aure ba. Ni kuwa banda nake sayarwa a kasuwa, kuma bakina ya fi kifin nawa suna.

Naƙudar ta zo da gardama. Ihun da na yi, na tabbata har mutanen Jakusko sun ji. Sista ta riƙe hannuna tun safe har la'asar, tana addu'a tana yi mini faɗa a haɗe: "Maman yara, yi nishi mana. Yesu yana nan, amma ba shi zai yi miki nishin ba." Yaron ya fito shiru. Ita ta yi ta fama da shi har ya tsala kuka.

A cocinmu, in mace ta haihu, akwai Lahadin da take fitowa godiya. Ta rungumi jariri ta yi gaba da rawa, matan zumunta su bi ta a layi, kowacce da zanen zumunta, ana buga tulu. Zanen nan kuwa sai matar aure.

Ranar tawa, ana fara waƙa na hango Sista ta miƙe da atamfarta daban, tana gyara ɗankwali za ta shigo layi. Ni kuma an miƙo mini makirufo. Shaiɗan bai ma sha wahala da ni ba.

"Sista, ina zuwa? Layin nan na waɗanda suka ɗanɗana ne. Kawo mana miji ko mai haƙori ɗaya ne, mu ɗinka miki zane."

Coci ya kaure da dariya. Sista ma ta yi, ta koma ta zauna. Na taka rawata har gaban bagadi ina ganin na burge.

Tun daga ranar Sista ta koma bencin baya, ana tashi ta fice. Matar fasto ce ta ja ni gefe. "Kin san sau nawa ta zo wurina da kuka kan maganar nan? Shekaru muna lallaɓa ta cewa Allah bai manta da ita ba, aure ko ba aure. Ke kin rushe a minti ɗaya."

Na ce ai wasa ne. Na ce zan je in ba Sista haƙuri gobe, zan je jibi. Kafin in je an mai da ita Nguru. Ita ta nema.

Sai da yaron ya fara tafiya na goya shi na hau motar Nguru da kwalin banda. Ta karɓe ni, ta ba ni ruwa, ta ɗauki yaron ta duba idonsa da harshensa kamar muna asibiti.

"Sista, maganar ranar nan..."

"Ya wuce, Maman yara. Na yafe tuni."

"To ki zo mana Kirsimeti."

"Ina da aiki."

Ta raka ni tasha. Ba ta sake taka cocinmu ba. Haihuwata ta biyar wata ce ta karɓa, ko sunanta ban sani ba.