Ganyen Ayaba a Lofen Mama

Ni dai ba a taɓa kama ni da ƙarya ba, a tambayi duk wanda ya zauna da ni. Amma rashin kamu daban, rashin yi daban. Akwai wadda na yi wa uwar mijina, ita zan faɗa.

Lokacin muna Kafanchan, yaƙin basasa ya ƙare, maƙwabtanmu Ibo sun fara dawowa gidajensu. Maigidana yana aikin gyaran layin dogo. Da mahaifinsa ya rasu, sai uwarsa ta baro ƙauye ta dawo wurinmu da tabarmarta, da akuya ɗaya, da lofe biyu na yumɓu. Mama muke ce mata.

A wajenmu ba abin mamaki ba ne tsohuwa ta sha lofe, amma shan Mama ba irin na kowa ba ne. Ta sha ba ni labarin yadda ta faro. Tana amarya ta saci zuƙa ɗaya a lofen tata uwar mijin, ta yini tana amai a bayan rumbu. Da ta saba, sai ta zama mai son tabar da ke dukan ƙirji, baƙin ganye a daka da kanwa, a cika lofe mai girman ƙaramar tukunya, tana banka hayaƙi tun daga gida har gona.

"Lokacin ba taba nake sha ba, 'yata," in ji ta. "Wuta nake ci, ina tsammanin daɗi ne."

Sai da ta yi haihuwa ta huɗu ta bar kanwa, don ta gane kanwa rufe bakin taba take yi, mai kyau da marar kyau duk su zama ɗaya. Can gaba ta koma ƙaramin lofe. Ta daina danna taba da ƙarfi, sai ta ɗora babban yatsa a hankali kamar mai taɓa maɗigar jariri. Ashana ba ta kusantar lofenta, wai warinta na ɓata zuƙar farko, sai dai garwashi. Lofe biyun nan kuwa, yau wannan gobe wancan, wai shi ma yana son hutu. Sa'ad da ta zo hannuna, sau ɗaya take sha a yini, da la'asar, hayaƙin ma da ƙyar ka gan shi.

Harshenta ya yi suna. Ran kasuwa masu taba daga Kagoma da Godogodo sukan biyo ta gidanmu kafin su baje kaya. Ta zuƙa sau biyu ta ce wannan a tsohon garken shanu aka shuka ta, wannan an yi gaggawar shanya ta a rana, wannan ruwa ya taɓa ta a rataye. Abin da ta faɗa ya zauna. Tsohuwar da ba ta da gona a garin, ba ta da ƙawaye, Hausarta ma a karye take, wannan kaɗai ya sa maza ke cire mata hula.

Ni kuma a lokacin ina tashe a zumuntar mata ta cocinmu. Ni ke ba da waƙa, murya kam Allah ya ba ni. Wata Lahadi matar wani dattijon coci ta sunsuni kafaɗata a gaban mutane ta ce, "'Yar'uwa, turaren gidanku ke nan? Ai ko mala'iku sai sun yi tari." Aka yi dariya, na taya su, amma na koma gida kamar an watsa mini barkono a ido.

Matar ɗa ba ta ce wa uwar miji bari. Na kai wa maigida kuka, ya ce, "Ke, wadda ta haife ni zan ƙwace wa lofe? Ki wanke zanenki sau biyu mana."

Sai damina ta kawo wa Mama zazzaɓi da mura mai nauyi. Ta tashi hannu na rawa, gani ya ragu, komai ta sa a baki ta ce lami ne. Murza taba da cika lofe suka dawo hannuna. Na so in ce Shaiɗan ne ya raɗa mini, amma kada in ɗora masa, ni ce. Na tsinko busasshen ganyen ayaba a bayan gida, launinsa ɗaya da na taba, na murza kaɗan na haɗa. Dabarata in riƙa ƙarawa sannu a hankali har sha'awar ta fita ranta, ba faɗa, ba cin fuska. Har gani nake alheri nake yi.

Ran farko ta zuƙa ta ɗaga gira.

"Murar nan ba ta sake ni ba," in ji ta.

Ko kallona ba ta yi ba. Da wani ne ya cika lofen da ta bincika, amma ni ce. Na ci gaba da ƙarawa. Kafin a gama haƙar doya, rabin abin da take sha ayaba ce.

Wata ranar kasuwa sai ga wani tsoho daga Kagoma, abokin wasanta, da damin taba a bayan keke da mutum biyu suna biye da shi. Tun daga ƙofa yake kira.

"Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu ba? Fito ki ji abin da ba ki taɓa ji ba!"

"In mutu in bar wa wa gyaran shirmenka?" in ji Mama. Ta fito tana dariya, rabon da in ga haƙoranta tun kafin ciwo.

Ya miƙo mini ganye in cika mata. Na shiga madafa ɗauko garwashi, na tsaya da ganyen a hannu. In na ba ta zalla, zuƙa ɗaya za ta gane abin da na yi watanni ina ba ta. Sai na haɗa da ayaba, har na zarce na kullum.

Ta zuƙa. Ta sake zuƙa. Kowa yana jiran hukuncinta.

"Wannan ba ta da baki," in ji ta. "Ruwa ce. A ƙarƙashin mangwaro ka shuka ta?"

Tsohon ya saki baki. Ya cika nasa lofen daga damin nan, ya miƙa wa na kusa da shi. Mutumin ya ja sau ɗaya, ƙwalla ta cika masa ido.

"Kai! Baba, wannan ai sai a zaune!"

Tsohon ya tafa hannu. "Tsohuwa, ashe harshen ya riga ki tafiya! Da kin ba shi saƙo ya kai wa mijinki."

Wasa yake yi, irin wanda suka saba. Aka kwashe da dariya. Mama da magana ba ta faɗuwa ƙasa a gabanta, ranar ba ta rama ba. Ta kife lofen ta ƙwanƙwasa a dutse. Ni kuma na yi maza na kawo tsintsiya na share abin da ya zubo, kada wani ya duba.

Labari ya zaga kasuwa. Masu taba suka daina biyowa. Ran kasuwa Mama takan ɗaura ɗankwalinta mai kyau ta zauna a ƙofa, kekuna su wuce, wasu su ɗaga mata hannu ba su tsaya ba. Tuwo ma ta fara barin rabi a kwano.

Na tsorata. Na ce bari in gyara a ɓoye yadda na ɓata a ɓoye. Akwai sauran ganyen tsohon nan da na adana, na cika mata shi zalla. Ban yi tunanin ƙirjin da ya yi watanni yana shan ayaba ba. Zuƙar farko ta sarƙe ta, tari ya turnuƙe ta, jiri ya kwashe ta sai da na tare ta da jikina. Da numfashi ya dawo, ta daɗe tana kallon lofen.

"Jiya ruwa, yau wuta," in ji ta. "Ba tabar ba ce, 'yata, ni ce. Bakin da ba ya rarrabewa, me zai yi da lofe?"

A nan ya kamata in durƙusa in faɗa. Bakina har ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Bari in kawo miki ruwa, Mama."

Ta naɗe lofe biyun a tsumma ta tura ƙarƙashin gado. Ba ta ƙara tambayarsu ba.

Da matan zumunta suka ji, suka ce addu'ata ta karɓu, in tashi in ba da shaida. Na tashi. Na ce Ubangiji ne ya raba uwar mijina da taba ba tare da na ɗaga murya ba. Aka yi guɗa, matar dattijon nan ta rungume ni, aka ce in ba da waƙa, na kuwa bayar.

Mama ta ƙara damina uku a wurinmu. Wata rana muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ran da mutumin Kagoma ya zo, kowa ya yi mini dariya. Ɗana ma da ya ji labari sai da ya dara. Ke kaɗai ce ba ki yi ba. Na gani, kuma na riƙe miki."

Na ce, "Ba komai, Mama." Na ja tiren gyaɗar gabana na ci gaba da ɓara.