Murucin da Mama ta dafa min

Jiya na dawo aiki na tarar Mama ta ajiye min muruci da ɗuminsa. Sai da na cinye biyu na tambaye ta inda ta saya.

"Saya kuma? A bayan ɗakinka na tono. Ka binne ƙwallayen giginya ka manta."

Ban manta ba. Wata biyar ina ba su ruwa, kusa da dabino da gorubar da na shuka. Bishiya nake so.

Da na faɗa mata, sai ta ce, "Saura ɗaya. Ya yi zurfi, na kasa ciro shi."

Yau da safe na gan ta tana kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Masana giginya, shekara nawa za mu jira, ni da Mama?